Sa'ad da Ƙarar Babur Ba Ta Korar Kowa a Kajuru

Duk wanda ya bar Kaduna ta Sabon Tasha ya miƙi hanyar Kachiya, da zarar ya wuce matatar mai da Mararaban Rido zai ga ƙasa ta fara sauya kama. Gidaje su ja baya, gonakin masara da dawa su matso bakin kwalta, wajen Kujama kuma duwatsu su fara ɗago kai, baƙaƙe sulɓaɓɓu, wasu a ɗore kan wasu. Daga nan har Kagoro ba sa rabuwa da matafiyi. Mai mota ta gilashi yake hangen wannan, ya wuce abinsa. Mai babur kuwa a jikinsa yake ji: sanyin kurmi idan hanya ta gangara rafi, hucin dutse idan ta hau tudu, hayaƙin ƙunar daji da kaka, yajin cittar da ake shanyawa da hunturu. Shi ya sa har gobe nake cewa babu abin hawan da ya dace da kudancin Kaduna kamar babur, ko da yake na san mutumin Kajuru na yau, in ya ji wannan magana, da gefen ido zai dube ni.

Da mutuncinsa babur ya shigo ƙasar nan. A tsakiyar shekarun 1970, da kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka faɗo hannun ma'aikata, malamin makaranta da malamin asibiti da malamin gona suka jingine kekunansu suka hau Honda Benly da Suzuki da Yamaha. Fasto da katikis ma da shi suke zagaya ƙauyuka. In aka ji ƙararsa daga nesa yara ne ke fitowa da gudu, domin ba ya zuwa hannu rabbana: ko allurar rigakafi, ko labarin taki, ko wasiƙar ɗan da ke aikin soja. Matsin tattalin arziki na ƙarshen shekarun 1980 ya haifi acaba. Daga baya Jincheng mai araha ya cika gari, sannan Bajaj ya zo ya ƙwace ƙauye, don shi ne ke ɗaukar buhun citta da mai buhun, ya ratsa da su hanyar da ko a-kori-kura ba ta shiga da damina.

A ƙarshen mulkin Gwamna Makarfi zuwa na Namadi Sambo, muna samari ƙananan ma'aikata a Kaduna, mun ɗauki al'adar fita wannan hanya a kan babura duk lokacin da hutu ya samu. Ba kamfani, ba tikiti, ba riga iri ɗaya. Litar fetur naira 65 ce a lokacin 'Yar'aduwa, cikin tanki ɗaya ya ishi mutum yini. Sai daga baya na gane cewa abin da muke yi a banza sana'a ce babba a wasu ƙasashe. A arewacin Biyetnam, a yankin Ha Giang, 'yan gari ne ke goya baƙi kwana uku ko huɗu cikin tsaunuka, su kai su kasuwannin ƙauye, su kwanar da su a gidajen manoma, kuma iyalai da yawa da wannan suke ci. A Kampala ma 'yan acabar garin na zagayawa da baƙi. Duk inda aka yi nasara a wannan harka, in ka bincika, za ka tarar ƙarfinta yana ga mutumin da ke gaba, ɗan jagora.

Namu jagoran wani tsohon malamin gona ne, mutumin Adara daga wajen Kufana, kawun ɗaya daga cikinmu, sai duk muka ɗauka muna ce masa Kawu. Shekarun da ya yi yana raba irin masara da koya wa manoma feshi sun sa babu ƙauyen da ba a san tsohuwar Suzukinsa ba. Yana jin Adara da Gbagyi, yana taɓa Fulatanci daidai na gaisuwa da ciniki, Hausarsa kuwa ta fi ta wasunmu tsabta. Dokokinsa ba su da yawa, amma ba ya sassautawa. A tashi bayan asuba. Kada magariba ta riski kowa a kan hanya. In za a shiga ƙauye a rage wuta tun daga nesa, a cire hular kwano mutane su ga fuska, a fara gaida mai unguwa kafin a nemi ko ruwan sha. Ba a ɗaukar hoton dutse ko kurmi sai an tambaya, don wani wurin na al'ada ne. Kuma ba a wuce mai talla da aka yi wa sallama ba a sayi komai ba.

"Yarana," in ji shi, "hanyar nan ba gwamnati ce ke ba ku izinin wucewa ba. Matar can mai gyaɗa ce. In ta san ku, garin ya san ku."

A lokacin dariya muke yi.

Zangon farko Kasuwan Magani. In tafiya ta dace da Alhamis, ranar da kasuwar ke ci, to an makara ke nan, don ba mai iya fitar da mu da wuri. Adara da Gbagyi da doya da dawa da gwaza, Fulani da shanu da nono da man shanu, Hausawa da tsire da kayan koli da awon hatsi, Ibo da kayan gyaran babur. A nan ake duba iskar taya wurin mai faci, a ɗaure sarƙa, a sayi rake.

Daga nan sai a ratse zuwa Kajuru. Yawancin mutanen Najeriya da suka san sunan garin ta dalilin gidan dutsen nan suka san shi, wanda ake kira Kajuru Castle, kimanin kilomita 45 daga Kaduna. Wani Bajamushe mazaunin Kaduna, Gerhard Huebner, ya gina shi a shekarun 1980 aka kammala a 1989, a kan tsauni, bisa fasalin fadojin Turai na zamanin da: bango na dutse mai kaurin kusan mita guda, da hasumiyoyi, da ɗakin makamai, da kurkukun ƙasa, da tafkin wanka, har da ramin kadoji. Daga samansa ana hangen ƙasa iya ganin ido, kuma gaskiya wurin da kyau. Sai dai ni ban taɓa ɗaukarsa a matsayin zuciyar tafiyar ba. Mafarkin mutum ɗaya ne da ya yi kewar gida. Baƙin da ke zuwa daga Abuja da Legas a manyan motoci sukan taho da abincinsu da abin shansu a kula, su hau, su yi hoto, su sauko, su koma, ba su san ko da wace miya ake cin tuwo a gindin dutsen ba. Alhali garin Kajuru kansa yana da tarihin da ya girmi gidan nesa ba kusa ba: tsohuwar masarauta ce ta Hausawa a tsakiyar ƙasar Adara da Gbagyi, wadda a da take bin Zazzau kamar Kauru, tun kafin zuwan Turawa. Ƙaramar hukumar ma a 1997 aka yanke ta daga Chikun. Kawu yakan bar mu mu gama hotunanmu a sama, sannan ya ce to, yanzu a zo a ga mutane.

Ganin mutane, a wurinsa, cin abincinsu ne. Tsakanin Kufana da Idon akwai wata dattijuwa mai rumfa da yake kai mu wurinta cin faten acca. Wanda bai san acca ba, ƙwayarta ƙanana ce kamar rairayi, aikin wanketa da rairayarta kaɗai ya isa a biya mace lada. Ana dafa ta ruwa-ruwa da yakuwa da alayyahu da gauta da dakakkiyar gyaɗa, a jefa ƙashi ko ɗan nama, tsamin yakuwa da ɗacin gauta su haɗu a wuri ɗaya. Mutumin da iska ta buga tun safe a kan babur, in ya sha kwano guda, sai gumi ya karyo masa. Ranar da ya fara kai mu ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Malam, waɗannan yaran naka na Kaduna ne?"

"Su ne, Mama. Rabinsu Musulmi ne fa."

"Ai na gani. Ku ci ba shakka, 'ya'yana, naman nan yankan mahaucin kasuwa ne. In kun gama ga buta can, ga tabarma, gabas kuma ta wajen mangwaron nan."

Ba wani abin mamaki ba ne a lokacin. Tsohuwar al'ada ce a ƙasar: Kirista in zai yi biki ko Kirsimeti yakan kira maƙwabcinsa Musulmi ya yanka masa akuya, don kowa ya iya sa hannu a kwano, da Sallah kuma tuwo da nama su tsallaka katanga su koma. Inda ake sayar da burukutu ko naman da ba ma ci, Kawu kan ce wa abokanmu Kirista su je su dawo, mu mu jira a inuwa, ba wanda ya ji an ci masa fuska. Wannan sani, na wace tukunya ce ta wa, wace ƙofa ake bugawa, wane dattijo ake fara durƙusa wa, shi ne jarin jagora. Ba a samunsa a taswirar waya.

Kafin Kachiya akan sha fura da nono daga matan Fulanin makiyayar Laduga, a sayi zuma a galan a bakin hanya bayan doguwar gardama kan ko an haɗa ta da sukari. Kachiya kuwa garin sojoji ne da citta. Daga Nuwamba zuwa Janairu duk wani fili da kan dutse a rufe yake da tsagaggiyar citta tana shan hunturu, mata da yara zaune da wuƙaƙe suna tsagawa, dillalai na yawo da ma'auni. Kudancin Kaduna ne ke noma mafi yawan cittar Najeriya, kuma da kuɗinta ake biyan makaranta, a yi aure, a sayi babur sabo.

A Kachiya hanya ke rabuwa, gardama kuma ta tashi. Masu son tarihi su ce a bi ta Kwoi, ƙasar Ham, a shiga ƙauyen Nok, inda masu haƙar kuza suka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928. Shahararren kan yumɓun nan na Jema'a ma wani ya kafa shi a gonar doya yana korar tsuntsaye kafin ya kai hannun masanin kayan tarihi Bernard Fagg a shekarun 1940, aka gane cewa mutanen wannan ƙasa sun ƙware a ginin yumɓu da narkar da tama fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Masu son tsauni su ce a bi ta Zonkwa da Samarun Kataf a ɓulla Kagoro, inda dutsen ke tsaye a kan garin, atili na bakin hanya, kuma kowace ranar 1 ga Janairu ake bikin Afan da maharba da masu kalangu da ƙaho. A lokacinmu Gwamna Awan na raye, sarkin Kagoro da ya haura shekara 60 a kan gado kafin rasuwarsa a 2008. Ko ta ina aka bi, ƙarshenta ruwan Matsirga, kusa da Madakiya, inda kogi ke zubowa daga kan dutse cikin kwazazzabo, da damina feshinsa ya jiƙa mutum tun bai matso ba. Sai kwana a Kafanchan, garin da layin dogo ya raya tun 1927 da ya zama mahaɗar jiragen Fatakwal da Kaduna da Jos. Ko a lokacin tashar ta riga ta yi sanyi, amma tsofaffin ma'aikatan reluwe na nan da labari.

Ba rana ɗaya abin ya lalace ba, kuma ƙarya ne a ce da can lafiya lau ake. An yi rikicin Kafanchan a 1987, an yi na Zangon Kataf a 1992, an yi na Kaduna a 2000. Amma bayan kowanne hanya takan sake buɗewa. Rikicin bayan zaɓen 2011 ne ya fara yanke mana ƙafa: Zonkwa da Matsirga da Kafanchan, wuraren da muke yada zango, nan aka kashe ɗaruruwan mutane, kasuwar Kafanchan ta ƙone, unguwanni suka rabu. Daga nan mutum ya fara lissafin sunansa kafin ya tsaya shan ruwa a wani gari.

Sai babur kansa ya shiga zargi. Kano ta hana acaba a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, Kaduna ta bi sahu a manyan garuruwanta a 2014. Can cikin daji kuma 'yan bindiga suka gano abin da malamin gona ya daɗe da sani, cewa babur na shiga inda motar soja ba ta shiga. Suka riƙa fitowa ayari-ayari, uku-uku a kan kowanne, har ya zama cikin kuɗin fansa ana haɗawa da sabon babur da jarkar fetur. A Oktoban 2018 rikici ya tashi a Kasuwan Magani ranar kasuwa, 'yan sanda suka ce mutum 55 sun mutu. Kashegari aka sace sarkin Adara, Agom Adara Maiwada Raphael Galadima, a kan wannan hanya ta Kachiya, bayan mako guda aka tsinci gawarsa. Daga Fabrairun 2019 kashe-kashe suka bi ƙauyukan Adara da rugagen Fulani a Kajuru, kowane ɓangare da makokinsa. Daren 19 ga Afrilun shekarar aka kai hari gidan dutsen kansa, aka kashe wata ma'aikaciyar agaji 'yar Birtaniya da wani ɗan Najeriya, aka tafi da mutum uku. A Yulin 2021 aka shiga gidan Sarkin Kajuru, Alhaji Alhassan Adamu, dattijo mai shekara 85, aka ɗauke shi da iyalinsa. A ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin El-Rufa'i ta haramta hawa babur baki ɗaya, na haya da na gida, har wata uku, ta katse layukan waya a wasu yankuna, ta hana sayar da fetur a jarka a ƙananan hukumomi da suka haɗa da Kajuru da Kachiya, bayan ta dakatar da kasuwannin mako a wasu wuraren.

Na fahimci dalilin gwamnati, amma ban gamsu da lissafin ba. Ɗan bindigar da ke daji ba ya bin sanarwar rediyo. Wanda ya bi doka shi ne malamin firamaren da makarantarsa ke bayan rafi, da manomin da buhunsa ya kwana a gona, da mijin da matarsa ke naƙuda cikin dare. Satar mutane kuma ba ta tsaya ba. A Maris na 2024 an kwashi jama'a da yawa a Buda da Tashar Kajuru cikin 'yan kwanaki. Yau a ƙauyukan can, in aka ji babura sun fi biyu suna tahowa tare, mata goya yara suke yi su nufi daji. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ayari irin namu na da, samari baƙi da hulunan kwano, ba zai ko kai ga gaida mai unguwa ba.

Idan ana lissafin asarar yawon buɗe ido a Kajuru, gidan dutsen ake fara ambata. Ni rumfunan bakin hanya nake tunawa. Mai fate, mai zuma, mai faci, yarinya mai gyaɗa, mai tsire, ɗan bumburutu da galan ɗinsa: waɗannan cinikinsu na wanda ya tsaya ne, yanzu kuwa direba addu'a yake ya wuce Kufana da Idon ba tare da ya taka birki ba. Kan wannan aka ƙara musu biyu a 2023: cire tallafin mai a watan Mayu, wanda ya kai lita sama da naira 500 nan take, daga baya ta haura 1,000, da kuma cutar da ta ruɓar da citta a gonakin Kachiya da Jaba da Kagarko, har iri ya gagari manoma. A Afrilu da Mayun 2022 wani ɗan Najeriya, Kunle Adeyanju, ya tuƙo babur daga Landan zuwa Legas don yaƙi da shan-inna, duniya ta tafa masa. A daidai lokacin mutumin Kallah ko Maro sai ya yi shawara da iyalinsa kafin ya hau nasa zuwa kasuwar Alhamis.

Akwai 'yan alamun sauƙi. Gwamnatin Uba Sani ta yi sulhu a Birnin Gwari a ƙarshen 2024, kasuwar shanun can ta sake ci. A 2025 an kafa jami'ar tarayya a Kachiya, wadda za ta kawo ɗalibai daga ko'ina su riƙa bin hanyar. Motoci na zirga-zirga da rana. Duk da haka ba zan ce wa kowa ya tara abokai ya nufi ƙauyukan Kajuru a kan babur yanzu ba, kuma duk jami'in da ya fito yana kiran Turawa su dawo gidan dutse alhali manomin gindin dutsen bai iya kwana a gidansa ba, ya fara daga inda ya kamata ya ƙare.

Abin da ake iya yi tun yanzu ƙarami ne, kuma ba ya bukatar kwangila. Tsakanin Kafanchan da Matsirga da Kagoro tafiyar yini ɗaya ce a kan kwalta, a fita da hantsi a dawo kafin la'asar. Ƙananan hukumomin Jema'a da Zangon Kataf da Kaura, da sarakunan yankin, da ƙungiyoyin 'yan acaba, za su iya tantance wasu matasa da kowa ya san iyayensu, a ba su shaida da hular kwano ta fasinja, a koya musu tarihin wuraren, a sanar da masu unguwa da jami'an tsaro ranar fita da yawan masu fita. Baƙin farko su zama na gida: ɗalibai, masu yi wa ƙasa hidima, ma'aikatan Kaduna da suka girma ba su taɓa ɗanɗana acca ba. A ci abinci a rumfar gari, a biya a hannun mai dafawa. Kajuru kuma a jira sai mutanen ƙauyukanta da bakinsu sun ce a zo.

Kawu ya rasu, Suzukinsa ma ban san inda ta ƙare ba. Amma tsofaffin malaman gona da na asibiti da na makaranta, waɗanda suka zagaye ƙasar nan a kan babur lokacin da ake buɗe musu kowace ƙofa, akwai sauransu a Kufana da Kachiya da Zonkwa da Kwoi, suna zaman jiran fansho. Shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai, ku neme su tun suna da ƙarfin magana. Ku haɗa kowannensu da samari biyu masu babur, ɗaya daga coci ɗaya daga masallaci, ya zagaya da su ya gabatar da su gida-gida.